Yadda Itatuwanmu Suka Shiga Littafi

 Yau tarihi za mu taɓa, tarihin kuka da ɗorawa da sabara.

A shekarar 1905 wani likita ɗan Birtaniya, Dakta J. M. Dalziel, ya kama aikin likita a Afirka ta Yamma, aka turo shi Arewacin Nijeriya. Bayan duba marasa lafiya, sai ya riƙa tambayar mutane sunan kowane tsiro da amfaninsa, yana rubutawa. A 1916 ya buga littafin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa. Kun ga ke nan ilimin na kakanninmu ne, shi rubutawa ya yi.

To amma suna kaɗai bai isa ba, don tsiro ɗaya kan yi suna biyu tsakanin Kano da Sakkwato. Nan ne aikin mai zane ya shigo. Akan tsinko reshe da furensa, a danne shi cikin takarda ya bushe, a aika da shi lambun Kew da ke Landan. Can mai zane zai jiƙa furen a ruwan zafi ya buɗe, ya duba shi da madubin ƙara girma, ya zana ganye da fure da iri da alƙalami, sannan a buga. Haka W. E. Trevithick ya yi wa babban littafin tsirran Afirka ta Yamma zane, wanda Dalziel da John Hutchinson suka fitar daga 1927 zuwa 1936. Aikin kuwa ba na maza kaɗai ba ne. Wata mata, Stella Ross-Craig, ta fara zane a Kew a 1929, ta zana tsirran ƙasarsu fiye da 1,300.

Ina ruwanmu da wannan? 'Yar'uwa, tambayi 'yarki ta bambanta miki ganyen tafasa da na rai-ɗore. Suna kama, amma ɗaya ne ake kwaɗo da shi. Gonaki da gatarin masu itace suna cin daji, tsofaffin da suka san sirrin kuma suna tafiya.

Ba sai kin fita ba. A kawo miki ganye, ki busar cikin tsohon littafi, yaro ɗan makaranta ya zana, Inna ta faɗi suna da amfani, a rubuta.

Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada. Sai mako mai zuwa.