Hoto Ma Magana Ne

Yau ina so mu taɓa tarihin wani abu da muke gani kullum amma ba mu cika kula da shi ba, wato zanen da ake sawa cikin littafi.

A ƙasar Sifen an yi wani marubuci mai suna Cervantes. A 1605 ya fitar da littafinsa Don Quixote, kashi na biyu ya biyo baya a 1615. Labarin wani dattijo ne da karatun littattafan jarumta ya juya masa kai, ya hau ramammen dokinsa ya fita neman yaƙi, baransa Sancho na biye da shi bisa jaki. Sai bayan shekara fiye da 250, a 1863, wani Bafaranshe, Gustave Doré, ya yi wa littafin zane sama da 300. Shi yakan zana, wani gwani mai suna Pisan ya sassaƙa zanen a jikin katako mai tauri. Duk inda ake son fari sai a ƙwaƙule, a bar inda ake son baƙi, a shafa tawada a danna wa takarda. Wadda ta taɓa ganin masu zanen ƙwarya a kasuwar Batsari ta san irin haƙurin da aikin yake ci.

To kin ji ikon Allah, har gobe in an ambaci dattijon nan, siririn tsohon da Doré ya zana shi ke faɗo wa mutane a rai, har waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba.

Mu ma an yi mana irin wannan. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, ya shiga gasar 1933. A 1936 ya tafi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce tare da kulawar Rupert East. Wata Baturiya 'yar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, ita ta yi zanen littafin. Wa ya manta akun nan? Yaro tun bai iya haɗa baƙi ba yake buɗe shafi yana kallo, kallon nan shi ke jan sa ga karatu.

Yanzu mu dawo gida. Mu mutanen Ruma muna da Ɗanwaire, jarumin da ya yi zamani a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da hari tsakanin Katsina da Maraɗi bai barin kowa barci. Kakanninmu sun ba mu labarinsa da dare, har tsikar jiki na tashi. Amma ki tambayi ɗanki ya kwatanta miki shi, wallahi jarumin fim ɗin Indiya zai kwatanta, don shi idonsa ya saba gani.

Ba laifin yaron ba ne. Lokacin da littattafanmu na soyayya suka cika kasuwa a shekarun 1990, da hannu ake zana bangon, daga baya aka koma liƙa hoton 'yan fim, yanzu kuwa sai a tsinto na intanet. Ni kaina wani mai ɗab'i ya taɓa ce min in ban sa farar mace mai gashi har gadon baya ba, littafina ba zai sayu ba. Na ƙi. Yarinyar da ta tashi ba ta taɓa ganin mai kama da ita a littafi ba, me zai hana ta nemi man bilicin?

Don haka 'yar uwa, in kin ga ɗiyarki na zane a ƙasa ko a bayan littafin makaranta, kar ki ce ɓata lokaci take. Saya mata fensir. Ba ta labarin Ɗanwaire, ki ce ta zana miki dokinsa da duwatsun Ruma. Mu kuma marubuta, mu nemi masu zane na gida mu biya su haƙƙinsu.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.