Zanen Saƙi a Lolo da Kewaye: Yadda Ake Ɗaura Shi da Yadda Ake Adana Shi

Gabatarwa

Garin Lolo yana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, kusa da Kogin Kwara, a kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani sun daɗe suna cuɗanya a wannan yanki. A ƙarni na 19, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare kogin a wajajen Illo, ɗauke da saƙi da rinannun tufafin Kano. Ko da yake atamfa da leshi sun mamaye kasuwanninmu a yau, har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da zanen saƙi da aka gada daga iyaye. Mun tsara wannan bayani ne domin mun lura cewa mafi yawan irin waɗannan zannuwa rashin sanin yadda ake kula da su ne ke kashe su tun ba su tsufa ba.

Yadda ake samar da shi

Mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Idan ana son baƙi ko shuɗi, sai a kai zaren marina a rina shi da baba. Daga nan masaƙi zai yi wadari, ya saƙa dogon ƙyalle siriri wanda sau da yawa faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sannan a yanka shi a harhaɗa da ɗinki har ya zama zane. Asalin saƙi shi ne mai duhun baba da ƙananan ɗigon fari kamar gashin zabuwa. Akwai kuma gwado mai kauri na lulluɓa, da tera-tera na Zabarmawa wanda akan sa cikin kayan amarya. Sanin wannan yana da amfani, domin wuraren da aka haɗa da ɗinki su ne ke fara ɓarkewa.

Ɗaurawa

Saƙi ya fi atamfa nauyi, don haka yana son ɗauri mai ƙarfi. Akan zagayo da shi a ƙugu a soke bakinsa ta hagu, a ɗora gyauto ko mayafi a kai. Muna ba da shawarar a sa fatari a ciki, domin sabon rini yakan bar shuɗi a jiki, gumi kuma yana cin zare. A guji maƙala masa fil ko ƙarfe mai tsini, saboda zare ɗaya in ya zare yakan ja 'yan'uwansa.

Wanki da shanya

Auduga saƙar hannu tana tsukewa a wankin farko, saboda haka a jiƙa sabon saƙi a ruwan sanyi kafin a kai wa tela. A wanke shi shi kaɗai, domin baba yana zuba. Sabulun salo ko sabulu mai laushi ya wadatar. Ruwan zafi da bilic suna koɗar da launi, su raunana zare. Kada a buga shi a kan dutse a bakin kogi, kada kuma a murɗe shi wajen matsewa. Da damina ruwan Kwara yakan yi laka, sai a bar shi ya kwanta tukuna, don kada farin zane ya dafe. A juya cikinsa waje, a shanya a inuwa, a baza shi sosai a kan igiya don kada nauyin ruwa ya ja ɗinkin. A yi guga ta baya tun yana da sauran danshi. Tufafin da aka buga da shuni kuwa ba a yawan wanke su. Idan sheƙinsu ya dushe, mabuga ake mayar wa.

Ajiya

Garuruwan bakin kogi suna fama da danshi da ambaliya, don haka a tabbata zane ya bushe sarai kafin a ninke shi. A ajiye shi a adudu ko akwati, a ɗora a kan abin da zai raba shi da ƙasa saboda gara. Idan akwatin na ƙarfe ne, a shimfiɗa tsohon farin ƙyalle don gudun tsatsa. Kafur ko busasshen ganyen dogonyaro na korar asu. Da hunturu a fito da shi ya sha iska, a kuma canza ninkin don kada ya karye a wuri guda.

Kammalawa

Al'ummomi da dama suna tattalin saƙarsu: a shekarar 2013 Hukumar UNESCO ta sanya saƙar jamdani ta ƙasar Bangaladash cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A wajenmu masaƙa suna ƙaranci, wanda ke nufin zanen da ya lalace ba lallai a sami madadinsa ba. Muna kira ga iyaye mata da su koya wa 'ya'yansu wannan kulawa, ga jama'a kuma da su riƙa saye daga hannun masaƙanmu da suka rage.