Ginin kakanni ba ya son a manta da shi

Yau hirarmu kan tsofaffin gine-ginen ƙasarmu take.

Mu nan Yamai garinmu yaro ne in aka gwada shi da Damagaram ko Agadas. Sai a 1926 Turawan Faransa suka ɗauko babban birni daga Damagaram suka kawo shi bakin kogi. Shi ya sa in ana maganar ginin tarihi, sai mu ɗaga kai mu dubi gabas da arewa.

Ku dubi masallacin Agadas. Tun wajen 1515 aka gina shi, aka sake gyara shi a 1844, hasumiyarsa ta kai mita 27, kuma duk da laka aka yi ta. Itatuwan nan da kuke gani sun fito a jikinta, su magina ke takawa su hau in za a yi yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya.

Magabatanmu sun san abin da suke yi. Bango mai kauri na tubali yana riƙe sanyi da rana. Azara ta giginya ake sawa a rufi, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Makuba kuwa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke hana ruwa cin bango, indararo ya jefa ruwan sama nesa da gindin gini.

Amma fa ginin laka yana da sharaɗi guda: kowace shekara kafin damina a duba shi, a toshe tsaga, a yi yaɓe. In aka bar shi, ko aka lafta masa siminti, danshi sai ya maƙale ciki ya riƙa cin sa a ɓoye. Mun ga abin da ruwan sama ya yi a Satumban 2024, lokacin da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Wallahi ranar zukata da yawa sun sosu.

Takardar UNESCO ba ta yaɓa bango, jama'a. Magini ke yi, kuma tsofaffin magina suna ƙarewa, yaranmu ba sa koyo. Don haka in akwai tsohon soro ko zaure a unguwarku, ku ɗauki hotonsa ku turo mana, da sunan unguwar. In maginin da ke gyaransa yana raye, ku gaya mana, mu gayyace shi gidan rediyo ya yi bayani da bakinsa.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu damina mai albarka.