Zubar da Ciki: Dokar Ƙasa, Koyarwar Littafi Mai Tsarki da Hakkin da Ke Kan Ikkilisiya

Zubar da ciki shi ne a kawo ƙarshen ciki da gangan, ta hanyar magani ko aikin likita ko wata dabara, kafin jaririn ya isa rayuwa a waje. Ya bambanta da ɓari, wanda ke faruwa ba da nufin kowa ba. Matar da ta yi ɓari ba ta da laifi a gaban Allah ko a gaban doka. Ta'aziyya take bukata.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

A jihohin Arewa ana bin dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 232 ya ce duk wanda ya jawo zubewar ciki da gangan zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun, sai dai in an yi ne da kyakkyawar niyya domin a ceci ran matar. A Kudu ana bin Kiriminal Kod, inda sashe na 228 zuwa 230 suka tanadi shekara 14 ga wanda ya yi aikin, 7 ga matar, 3 ga wanda ya ba da maganin.

Ana ta muhawara a kan wannan doka. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta nemi a ba da izini idan an yi fyaɗe, ko ciki tsakanin dangi na jini, ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Amma dokokinmu na cikin gida ba su canja ba. A 2022 gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idoji ga likitoci a kan batun, ta kuma dakatar da su bayan shugabannin addini sun nuna rashin yarda. A wannan shekarar ce Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a duk ƙasar, ta bar wa kowace jiha ta yanke nata.

Abin da Maganar Allah ta koya

Farawa 1:27 ta nuna an halicci mutum cikin kamannin Allah. A Zabura 139:13-16 Dauda ya shaida cewa Allah ne ya siffata shi tun yana cikin uwarsa. Allah ya san Irmiya tun kafin a haife shi (Irmiya 1:5), Yohanna kuma ya motsa a cikin Alisabatu da jin gaisuwar Maryamu (Luka 1:41-44). Saboda haka mun gaskata rai na Allah ne tun daga ciki, doka ta shida kuma (Fitowa 20:13) ta shafi wanda ba a haifa ba tukuna.

Masu bi na farko sun tsaya a kan wannan. Littafin Didake, ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen ikkilisiya, ya hana zubar da ciki da kashe jarirai. Masu bin kuma sukan tsinci jariran da aka yar su rene su. Haka Mary Slessor ta yi da tagwaye a ƙasar Kalaba, inda ta sauka a 1876.

Lokacin da ran uwa ke cikin haɗari

Katolika ba ta yarda da zubar da ciki kai tsaye a kowane hali ba, ko da yake ta yarda a yi wa uwa jinyar da za ta cece ta ko da jaririn zai rasu a dalilin haka. Yawancin ikkilisiyoyin bishara sun yarda a ceci uwa idan babu wata hanya, misali cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ba zai rayu ba, yana kuma iya kashe matar. Kada fasto ko miji ya hana tiyata a irin wannan hali da sunan bangaskiya. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti.

Inda doka ba ta kai ba

Doka tana hukunta laifi, amma ba ta biyan kuɗin awo, ba ta sayen kayan haihuwa. Duk da haramcin, ana zubar da ciki a ɓoye a garuruwanmu, a bayan kantin magani ko da jiƙe-jiƙe, mata da yawa suna mutuwa ta zubar jini. Wasunsu 'ya'yanmu ne, 'yan mawaƙa da 'yan makarantar Lahadi. Abin da ke tura su sau da yawa shi ne tsoron kunya: a kore ta daga gida, a tsayar da ita gaban jama'a, saurayin kuwa yana zaune abinsa. Wasu kuma matan aure ne da talauci ya sha kansu. Idan horonmu ya sa yarinya ta ga zubar da ciki ya fi faɗin gaskiya sauƙi, to, muna da hannu a abin da muke tsawata wa. A Yohanna 8:1-11 mace kaɗai aka kawo wa Yesu. Bai yarda da zunubin ba, bai kuma bari a jefe ta ba.

Abin da kowace ikkilisiya za ta iya yi

Yakubu 2:15-16 ya gargaɗe mu kada mu sallami mabukaci da fatar baki kawai. Ga matakai:

1. Dattawa su ware wani kaso na baiko domin awon ciki, haihuwa da tiyatar gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8.
2. Zumuntar mata ta zaɓi uwaye biyu ko uku masu riƙe asiri, waɗanda yarinya za ta iya zuwa wurinsu, su raka ta gaban iyayenta.
3. A shirya gidan da zai karɓi wadda aka kora, har ta gama jego.
4. Horo ya zama na maidowa (Galatiyawa 6:1), ya shafi namijin daidai da macen. Zumuntar maza ta sa shi ya ɗauki nauyin ɗansa. Jaririn ba shi da laifi, kada a kira shi da sunan zagi.
5. Wadda aka yi wa fyaɗe ba ta shiga horo. A kai ta asibiti nan take, a kai ƙara, kada a rufe maganar don kare sunan wani.
6. A taimaki uwa ta koma makaranta ko ta koyi sana'a.
7. A koya wa matasa tsarki a fili, a kuma shawarci ma'aurata kan tazarar haihuwa.

Ga wadda ta riga ta zubar

Idan tana zubar jini ko zazzaɓi, a gaggauta kai ta asibiti kafin kowace tambaya. Bayan haka a tuna mata 1 Yohanna 1:9: wanda ya furta zunubinsa, Allah yana gafarta masa. Wannan alkawari ya haɗa da mijin ko iyayen da suka matsa mata. Wanda Almasihu ya karɓa, kada mu rufe masa ƙofa.