Takjil: Tarihin da ke Cikin Farantin Buɗa-Baki a Indonesiya



Duk wanda ya azumci Ramadan a Makka ya ga jama'ar Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a gabashin duniya. A gida, kayan zaƙin da suke fara buɗa-baki da su sunansu takjil. Asalin kalmar Larabci ce, ta'ajil, wato gaggauta shan ruwa da zarar rana ta faɗi, kamar yadda sunna ta koyar. Da tafiya ta yi nisa, sai sunan aikin ya koma kan abincin.

Abincin kansa kuwa ya riga sunan zama a ƙasar. Ginshiƙinsa uku ne: garin shinkafa, madarar kwakwa, da mazarƙwailar da ake dafawa daga ruwan wata bishiya dangin giginya. Da su ake yin klepon, 'yan curi-curin shinkafa mai danƙo da aka ɓoye mazarƙwailar a cikinsu, in an ciza ta tsiyayo. Kolak kuma ayaba ce ko dankali da ake dafawa cikin madarar kwakwa da ganyen pandan mai ƙamshi.

Sauran na farantin baƙi ne da teku ta kawo. Kalmar kue, wadda ta tattara duk waɗannan kayan ƙwalama, daga bakin fataken Sin aka aro ta. Turawan Fotugal, waɗanda suka ci birnin Malaka a 1511, sun bar bolu, daga kalmarsu bolo. Zamanin mulkin Holan ya haifar da lapis legit, kek mai hawa-hawa da ƙwai da man shanu da kirfa, kowane hawa sai an gasa shi daban.

Raba takjil a masallatai ma tsohuwar al'ada ce. Masanin nan ɗan Holan, Snouck Hurgronje, ya tarar ana raba kunu a Aceh tun wajen 1891. Daga baya ƙungiyar Muhammadiyah, wadda Ahmad Dahlan ya kafa a Yogyakarta a 1912, ta ƙara yaɗa ɗabi'ar. A yau kowane Ramadan kasuwar Benhil a Jakarta da ta wadai a Banjarmasin kan cika maƙil bayan la'asar.

Abin lura a nan shi ne, Musulunci bai tarar da tukunyar mutanen nan ya kife ta ba. Ya sa mata lokaci da niyya, ya kuma umarci mai ita ya tuna da maƙwabci. Mulkin Fotugal da na Holan sun shuɗe, amma kek ɗinsu na nan yana jiran kiran magariba.

Allah Ya karɓi ibadunmu, amin.