Sunan Yanka Da Sunan Rajista: Yadda Muke Gane Asalin Jirgi A Ikeja

Wanda ya tashi a Agege ya san ƙarar jirgi kamar yadda ya san kiran sallah. A can na girma, na yi karatu a kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sannan na ƙarar da ƙuruciyata a rumfunan gyara na Ikeja. Cikin jiragen da suka bi ta hannuna, babu wanda na shaƙu da shi kamar King Air mai farfela biyu, ƙirar kamfanin Beechcraft da ke Wichita a Amurka. Tun daga 1964 yake fitowa, injinsa PT6 kuma na Pratt & Whitney ne na Kanada. Gwamnoni da kamfanonin mai sun so shi ne don yana sauka a gajeren fili inda manyan jirage ba sa kusanta.

Idan baƙon jirgi ya shigo rumfa, haruffan gefen wutsiya muke fara dubawa. Zamanin Turawa jiragenmu da VR-N suke farawa. Bayan samun 'yanci a 1960 aka koma 5N. Na Nijar 5U, na Gana 9G, na Amurka N. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta hana jirgi zama ɗan ƙasa biyu a lokaci ɗaya, don haka sai an goge shi daga rajistar ƙasar da ya fito kafin hukumarmu ta kula da sufurin jiragen sama, NCAA, wadda aka kafa a 1999, ta rubuta shi a tamu.

Amma wannan suna na aro ne, yana sauyawa da sauyin gida. Sunan yanka yana kan ɗan ƙarfen da masana'anta ta manna a jikinsa: lamba ce mai farawa da LJ ga King Air zuriyar 90, BB ga 200, FL ga 350. Wannan lamba har ya tsufa ba ta canzawa, kuma da ita muke bin salsalarsa ƙasa bayan ƙasa.

Sauran labarin yana cikin littafin tarihinsa: awa nawa ya yi a sama, sau nawa ya sauka, yaushe aka buɗe inji, wa ya sa hannu. Jirgin da ya zauna a Legas, inda iskar teku mai gishiri ke busowa daga wajen Apapa, tsatsa muke nema a haƙarƙarinsa. Wanda ya sha hunturun Kano kuwa, ƙura ce take cin ruwan farfelarsa. Hatta kananzir ɗin da 'yan'uwanmu direbobin tanka ke ɗaukowa daga ma'ajiyar mai ta Apapa, sai mun ɗiba a kwalba mun duba ko da ruwa a ciki.

Na tuna wani alhaji da aka yi wa tallar jirgi mai sabon fenti da kujerun fata. Da na buɗe littafin, sai na tarar shafukan shekara biyu babu su. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan cinikin biri ne a sama." Ransa ya ɓaci, amma ya fasa.

Shi ya sa nake gaya wa yaran da ke koyo a hannuna su riƙe biro da irin tsoron Allah da suke riƙe sifana. Wanda zai hau jirgin nan da shekara ashirin bai san su ba, kuma da abin da suka rubuta yau zai tashi.