Daga Ina Akun Magana Jari Ce Ya Taso?

Duk wanda ya yi firamare a Gusau, Tsafe ko Bunguɗu a shekarun baya ya san akun nan mai bakin tsiya. Yara kan fara leƙa zanensa kafin su iya haɗa baƙi. A yankin da 'Yandoto ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, littafin boko mai hotuna baƙo ne, amma bai daɗe ba ya zama ɗan gida. Har wasu ke rantsuwa cewa labaran nan gadon kaka da kakanni ne.

A 1936 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ya aro Abubakar Imam, malamin Midil ta Katsina, zuwa Zariya don ya rubuta wa makarantu littafin karatu. Ya tara masa littattafan Larabawa, Indiya da Turai. Cikin wata shida Imam ya kammala Magana Jari Ce juzu'i 3, na farko ya fito a 1937.

Manazarta irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi sawun labaran. Kalala da Kalalatu na da 'yar'uwa cikin tatsuniyoyin Grimm na Jamus. Wasu daga Alfu Laila suka fito.

Sai shi gogan, wato akun. Akwai tsohon littafin Indiya, Shukasaptati, mai labarai 70, inda aku ke tsare matar wani falke da hira kowane dare, kada ta fita wurin kwarto alhali mijinta na fatauci. Wajen 1330 Nakhshabi ya mayar da shi Farisanci da suna Tutinama, ya bar labarai 52. Daga baya masu zanen Sarki Akbar suka ƙawata shi da hotuna. Ashe tun a can akun ya saba zama gaban mai zane.

A nan, a ganina, gwanintar Imam take. Zancen kwarto ba ya shiga aji, balle ajin 'ya'yan sarakuna da malamai. Sai ya ɗauke matar, ya ajiye Musa ɗan Sarki Abdurrahman, yaro mai zumuɗin bin mahaifinsa fagen yaƙi, ga mugun Waziri na haƙon ransa. Dabarar akun ba ta sauya ba: a ja hira har gari ya waye, fita ta gagara. Tukuicinsa ne ya bambanta, domin na Imam har wazirci aka naɗa shi.